Alhaji Ya Ga Teku

Kwana 9 kacal Alhaji ya yi a Mambasa ta ƙasar Kenya, amma yau wata uku ke nan muna shan labarin a teburin mai shayi na unguwar Mabera, nan Sakkwato.

Alhaji: Ku nan ba ku san abin hawa ba. Can kana sauka, ga tuk-tuk na jiran ka.

Ɗan kabu-kabu: Mi a tuk-tuk, Alhaji?

Alhaji: Wata 'yar mota ta, ƙafa uku, da rumfa bisa.

Ɗan kabu-kabu: Agwagwa da buje ke nan.

Alhaji: Agwagwar gidanku! Wagga iskan teku take sha. Sannan ga matatu, bas mai kiɗa kamar gidan biki. Ga boda-boda, yaro na gaba bisa babur, kai kana baya.

Ɗan kabu-kabu: Alhaji, ai sana'ata ka faɗi.

Alhaji: Wancan hular kwano ya ba ni. Kai mi ka taɓa ba ni in ba ƙura ba?

Mun ga hoton. Bisa hular zanna ya kifa kwanon, don ya rantse ba ya tuɓe hula gaban Turawa masu gajeren wando.

Alhaji: To ga babba. A Likoni akwai jirgin fito, ya kwashi mutane da motoci ya ƙetara da su. Mai mota ya biya, mai ƙafa kyauta.

Teburin ya yi tsit. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba mu sake jin an haɗa abin hawa da kalmar kyauta ba. Mai shayi har ya zuba madara ta wuce kima.

Alhaji: Sau 7 na ƙetara rana guda.

Mai shayi: Mi ka je yi ƙetaren?

Alhaji: Ba ka ji na ce kyauta ba?

Mai shayi: Na ji.

Alhaji: To mi kake tambaya? Da na wuce Diyani kuwa, kamar kilomita 30 kudu, sai ga raƙumi bisa farin yashi. Na biya, na hau.

Nan Buzu maigadi, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya sassauta rawani.

Buzu: Ka biya kuɗi? Raƙumi?

Alhaji: Da sulen Kenya ma.

Buzu: Ina ya kai ka?

Alhaji: Nan zuwa can, ya maido ni.

Buzu: Gero nawa ya ɗauko?

Alhaji: Ba na kaya ba na, na shaƙatawa na.

Buzu: Alhaji, nawa na nan Kara. Ba ni rabin kuɗin, har Illela ka shaƙata.

Alhaji: Naka ya taɓa ganin teku?

Buzu: Yana shan Gulbin Rima.

Alhaji ya tsuke baki, ya kaɗe riga, ya ce a kai shi Runjin Sambo.

Ɗan kabu-kabu: Kabu-kabu za ka hau ko boda-boda?

Alhaji: Mi ab bambanci?

Ɗan kabu-kabu: Kabu-kabu 500. Boda-boda 1,000, in ara ma kwanon mai shayi.

Alhaji ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

Alhaji: Boda-boda. Amma rubuta bashi.