Ku daina kiran kowane ciwon ƙirji olsa

Na karanta abin da ake rubutawa a ƙarƙashin sanarwar rasuwar wani bawan Allah, kuma raina ya ɓaci. Allah Ya jiƙansa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Amma mutum ya haura shekara 50, ga hawan jini ga suga, ya kwana biyu yana cewa kamar an ɗora masa dutse a ƙirji, ana ta ɗura masa farin ruwan maganin olsa daga kemis, babu wanda ya ce a je a auna zuciyarsa, sannan har yanzu jama'a na rubuta "olsar nan ce ta taso masa". Wa ya tabbatar? Da wane gwaji?

Ciwon ƙirji a jikin babban mutum na zuciya ne har sai gwaji ya wanke zuciyar. Daga nan ake waiwayar olsa ko fargaba. Mu kuwa mun juya tsarin, muna farawa da abin da ba ya kisa cikin awa guda, mu bar wanda yake yi.

Na san za a ce ai ya sha maganin ya ji sauƙi. Wannan ba hujja ba ce. Ciwon da ƙarancin jini a tsokar zuciya ke kawowa yakan zo ya lafa da kansa, musamman idan mutum ya zauna ya huta, sai a ba kwalba lada. Za a ce ai a ƙahon zuciya yake ji, yana gyatsa, har da amai. To toshewar jijiyar da ke kai jini ɓangaren ƙasa na zuciya haka take yawan bayyana: ciwo a saman ciki, tashin zuciya, gumi. Masu suga, tsofaffi da mata sukan zo ba tare da ciwon ƙirjin kirki ba ma, sai haki, kasala mai tsanani da jiri.

Na zuciya nauyi ne ko matsewa a tsakiyar ƙirji. Ka ce wa mai shi ya nuna wurin, ba zai sa yatsa ɗaya ba, tafin hannu zai shimfiɗa ko ya dunƙule hannu a kai. Yakan miƙa zuwa hannun hagu ko duka biyun, ko muƙamuƙi, ko gadon baya. Yana tasowa idan an hau bene, an yi sauri, an ɗauki kaya, ya sauka cikin 'yan mintoci idan an tsaya. Ranar da ya zo mutum na zaune, ko ya wuce minti 15 bai sake shi ba, ko ya haɗu da gumin sanyi da sarƙewar numfashi, asibiti ake nufa nan take, kuma ba shi zai tuƙa kansa ba. Idan asfirin ba ya yi masa illa kuma bai taɓa aman jini ko baƙin bayan gida ba, ya tauna miligiram 300 a hanya. A tauna kafin a haɗiye, ba haɗiya kai tsaye ba.

Ƙwannafi zafi ne mai ƙuna da ke hawowa maƙogwaro bayan cin mai da yaji, ya ƙaru idan an kwanta ko an sunkuya, da ruwa mai tsami a baki. Tafiya ba ta tayar da shi. Duk da haka mutum ɗaya na iya ɗauke da duka biyun. Tsohuwar olsa ba ta kare kowa daga ciwon zuciya.

Shi gwajin ECG, wanda ke zana yadda zuciya ke bugawa a takarda, ba wani abin tsoro ba ne. Wayoyi 10 ake liƙawa, 6 a ƙirji, 4 a hannuwa da ƙafafu, na'ura ta ɗauki kusan daƙiƙa 10. Ƙa'ida ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji cikin minti 10 da isarsa asibiti. Ga kuma inda ake faɗawa rami: na farko na iya fitowa lafiya lau alhali jijiya na toshewa. Shi ya sa ake maimaitawa bayan minti 15 zuwa 30 idan ciwon na nan, a haɗa da gwajin jini na troponin, sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, wanda shi ma ba ya hawa sai bayan 'yan awoyi, don haka sau biyu ake ɗiba. Duk wanda aka yi wa ECG ɗaya aka sallame shi yana riƙe da ƙirji, ba a gama da shi ba. 'Yan uwa su tambaya a fili: an maimaita? An ɗebi jini?

Ɗaya zaluncin kuma a kan matasa da mata yake sauka. Yarinya ta ce gabanta na faɗuwa, zuciyarta na gudu, sai a ce tunani ne, ko aljanu. Fargaba ciwo ce ta gaske: takan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, da saurin numfashi, yatsu da leɓe su yi zugi, mutum ya ji kamar zai mutu. Amma akwai rikicewar bugu da ke kama da ita ƙwarai, wadda ke farawa farat ɗaya, bugu ya kai 150 zuwa sama da 200 a minti, sannan ta yanke farat ɗaya. Kafin a isa asibiti ta wuce, ECG ya fito fes, a rubuta mata maganin kwantar da hankali. Shekaru ana haka.

Maganin wannan shi ne a kama bugun yana cikin yi. A ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga minti guda cur, a rubuta adadi da lokaci, da ko bugun na tafiya daidai ko yana tsalle-tsalle. Na mai hutawa tsakanin 60 ne da 100. Bugun da ke tafiya a hargitse babu tsari, musamman ga dattijo, kada a raina shi, domin irinsa ne ke tara gudan jini ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Sai a nemi Holter, 'yar na'urar naɗar bugun zuciya da ake rataya wa mutum awa 24 ko 48. Abin da ke lalata sakamakonta sananne ne: ba a aske gashin ƙirji ba, an shafa mai, gumi ya ɓanɓare abin liƙawa, an yi wanka da ita, ko mutum ya kwanta ya ƙi motsi don yana jin an saka masa na'ura. Ka yi harkarka yadda ka saba, ka rubuta ƙarfe nawa abin ya taso da abin da kake yi. Idan abin naka sau ɗaya yake zuwa a wata, Holter ɗin kwana guda ba zai gan shi ba, sai mai daɗewa a jiki. A duba ƙarancin jini da maƙoƙo ma, a tambayi yawan goro, kofi da lemun ƙara kuzari. Agogon hannu mai ECG kan gano hargitsin bugu, amma ba ya gano toshewar jijiya. Mai jego da ke haki da kumburin ƙafa kuwa, a tsayar da kunun kanwa a kai ta a yi hoton zuciya, don raunin zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a Kano, Zariya da Sakkwato.

Masu cewa ajali ne, babu mai musu da ajali. Neman magani ma umarni ne. Masu cewa babu kuɗi, ku haɗa kuɗin kwalaben da aka saya a wata shida ku gani.

Wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya: takardar ECG irin ta rasiɗin POS ce, zafi da rana na goge ta. Mutane su naɗe ta su jefa a aljihun mota, bayan wata uku likita ya buɗe ya tarar da farar takarda, alhali kwatanta tsohon da sabon shi ne ke nuna abin da ya canza. Ku ɗauki hotonta da waya tun a asibiti, a shimfiɗe, duka layukan da kwanan wata su fito, ku tura wa wani ɗan uwa ya ajiye.