Matasa, jinƙai ba ya ƙarewa ranar Kirsimeti

'Yan'uwana matasa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Kowace Disamba zumuntar matasa kan tara kuɗi, a sayi shinkafa da turmin atamfa, a kai wa gwauraye, a ɗauki hoto a sa a Facebook. Daga nan sai baɗi. Alhali a Disamba hatsi na rumbu. Yunwar gwauruwa tana tsananta ne a Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya ƙare, sabon amfani bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya kwantar da marayun da take riƙo. Lokacin ne ya kamata a ga ƙafarmu a ƙofarta.

Yakubu 1:27 ya sa kula da marayu da gwauraye cikin ma'aunin sahihin addini, kuma kula tana bukatar tsari. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni cewa ana tsallake wasu gwauraye a rabon abinci na kullum, mutum bakwai aka zaɓa aka danƙa musu aikin. Ku ma ku zauna da dattawan ikilisiya da zumuntar mata, su ne suka san wadda ke kwana da yunwa tana jin nauyin faɗa. Ku rubuta gidajen, kowane gida a ba shi mutum biyu da tsayayyar rana a mako. Kada saurayi ya je gidan matashiyar gwauruwa shi kaɗai. Bakin mutane zai ɓata mata suna, taimakon ya koma mata ciwo.

In kun shiga, ku durƙusa ku gaida Mama, ku tambaye ta abin da ya fi damunta kafin ku sauke kaya. Mudu biyar na masara ba su da amfani ga wadda ba ta da kuɗin niƙa ko itacen girki. Ku kai gari, ku ɗebo mata ruwa, ku duba inda rufin ke yoyo. Marar haƙori kunu da fate za ta iya ci. Mai ciwon suga kuwa, lemon kwalba cutarwa ce gare ta.

Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, shi ne aka fi yi wa kuskure. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, domin nauyin jiki kan hana jini gudu a inda ƙashi ya tokare katifa, fata ta mutu, gyambo ya buɗe. Ku duba ƙugu, ƙasan baya, kafaɗa da diddige. In fatar wurin ta canza launi, a ɗauke mata nauyi nan take, a kira ma'aikacin lafiya. Leda a ƙarƙashin zanen gado take, ba a jikin fata ba, kuma zane ya jiƙe a canza shi. Kada a ba shi abinci yana kwance. A tayar da shi zaune, a ba shi kaɗan-kaɗan, don ƙwarewa kan kai abinci huhu ta jawo namoniya. Maganin hawan jini ba a yanke shi don an ji sauƙi, saboda haka ku san ranar da zai ƙare.

Kuɗin da aka tara, mutum biyu su riƙe lissafinsa a rubuce, a karanta a taron zumunta ba tare da kiran sunan wanda ya karɓa ba. Hoton nan ma ku bar shi; Matiyu 6:3 ya ce ko hannun hagu kada ya san abin da na dama ke bayarwa, balle jama'ar intanet. In kuma maƙwabciyar Mama ba Kirista ba ce, ita ma tana cikin irin wannan hali, ku sa sunanta a takardar.