Wace ƙaddara ce ta shigar da dawakai Azhar?

Malam marubuci, na karanta abin da ka rubuta kan Napoleon, inda ka nuna shi mutum ne da ya yi imanin ƙaddara ce ta ɗora shi kan mulkin Faransa, kuma kaifin basirarsa a fagen daga ya isa a yafe masa sauran. Basira kam ba a musu. Dokokin da ya tsara a 1804 har yau ana cin moriyarsu a ƙasashe da dama.

Amma ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yadda ya mayar da addini kayan yaƙi. Da ya shiga Masar a 1798, ya sa an rarraba takarda da Larabci yana cewa yana girmama Annabi (SAW) da Alƙur'ani. Ba a yi wata huɗu ba mutanen Alƙahira suka yi bore, sojojinsa suka yi wa unguwar Azhar ruwan igwa, suka shiga masallacin da dawakansu, suka tattaka littattafai. Masallacin da 'ya'yanmu ke zuwa karatu har yau fa! A 1799 a garin Jaffa na ƙasar Falasɗinu, ya ba da umarnin kashe dubban fursunonin da suka riga suka miƙa wuya. A 1802 kuma ya dawo da bauta a wasu yankunan da Faransa ke mulka, bayan an soke ta.

Don Allah a rubutunka na gaba ka ba waɗannan mutanen wuri, kamar yadda ka ba nasarar da ya samu a yaƙin Austerlitz.