Gwajin bakin mahaifa na je yi, ba hisabi ba

Shekara 9 ke nan ina fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita, kuma a tsawon wannan lokaci na haɗiye wulaƙanci iri-iri a asibiti ban ce uffan ba. Abin da aka yi mini ranar Talatar da ta wuce shi ne ya kai ni bango.

Likitan da ke duba gaɓoɓina ne ya rubuta takarda, ya ce in je a yi mini gwajin bakin mahaifa, kuma ya zaunar da ni ya yi mini bayanin dalili. Maganin methotrexate da nake sha sau ɗaya a mako, da prednisolone da ake ƙara mini idan ciwon ya motsa, aikinsu danne garkuwar jiki, domin ta haka ne kumburin ke lafawa. Ita kuwa ƙwayar HPV, wadda ke haddasa sankarar bakin mahaifa, kusan duk wanda ya taɓa saduwa yakan gamu da ita, amma jikin mafi yawan mutane yakan kawar da ita cikin shekara 2 ba tare da sun sani ba. Macen da aka danne wa garkuwa ita ce ƙwayar ke iya daɗewa a jikinta, tana sauya fatar bakin mahaifa a hankali, babu ciwo, babu alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sankara kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta bayyana, amma ga mai raunin garkuwa shekara 5 zuwa 10 sun isa.

Da wannan takarda na isa sashen mata tun da sassafe, a daidai lokacin da yatsuna ke sandarewa. Na yi fiye da awa 3 a kan benci kafin a kira ni. Na yi sallama, na ce, "Sannu da aiki, Sista," na miƙa takardar da hannu biyu, domin hannu ɗaya ba ya riƙe mini abu da safe. Ba ta amsa ba. Ta karanta, ta ɗago kai, ta dube ni tun daga sama har ƙasa, sannan ta ce, "Baiwar Allah, ke da ciwon gwiwa, me ya kawo ki nan?" Na fara yi mata bayanin magungunan da nake sha, sai ta katse ni. Ta ɗaga takardar, ta ɗaga murya yadda duk wanda ke kan bencin zai ji, har da mazan da suka rako iyalansu, ta ce, "HPV? Kina da aure kuwa? Ai wannan ciwon 'yan yawo ne."

Jikina ya yi sanyi. Na ce, "Sista, ki ji tsoron Allah, likita ne ya aiko ni." Ta turo mini fom da biro, biron ya suɓuce daga yatsuna ya faɗi ƙarƙashin tebur, tana kallo ina ƙoƙarin durƙusawa da gwiwoyin da ba sa lanƙwasuwa. Da na ɗago da ƙyar sai ta ce ina ɓata mata lokaci, kuma tunda ba na zubar jini in koma gida sai na ga alama.

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi ƙazafin yi mini ciwo, domin ƙazafi mutuncina ya taɓa, ita kuwa rayukan mata take kashewa. Gwajin nan an ƙirƙiro shi ne don macen da ba ta ga komai ba. Ranar da jini ya fara zuba bayan saduwa, ko ruwa mai wari ya fara fita, sau da yawa cutar ta riga ta yi nisa. A shekarar 2022 mata kusan 660,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a duniya, kusan 350,000 suka mutu, alhali cuta ce da ake iya tarewa tun ba ta zama sankara ba. Nau'i biyu kawai na ƙwayar, 16 da 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma allurar rigakafinsu tana nan tun 2006. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, don haka mai shan irin magungunana ma tana iya karɓa. A shekaru 9 ɗin nan babu ma'aikacin lafiya ko ɗaya da ya taɓa ambata mini ita.

Ban ɗora wa matar nan laifin duka ba, ko da yake ba zan yafe mata da wuri ba. Wa ya koyar da ita? Gwamnatoci sun amince da ƙudurin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 kan wannan sankara, na cewa kafin 2030 za a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi, a gwada kashi 70 na mata, a yi wa kashi 90 na masu cutar magani, amma ba a iya haɗa sashen gaɓoɓi da sashen mata a asibiti ɗaya su san junansu ba. Likitan gaɓoɓi yana ganin mahaifa ba hurumin sa ba ce, na mata kuma bai tambayi abin da kike sha ba, mara lafiya ce ke yawo da takarda tsakaninsu da ƙafafun da ba sa ɗaukarta. Mata sun ninka maza sau 2 zuwa 3 wajen kamuwa da wannan amosani, duk da haka babu wanda ya tsara yadda za a riƙa kiranmu gwaji a kai a kai, babu wanda ya yi tunanin yadda mai sandararren ƙugu za ta hau gadon gwajin.

Mu ma jama'a da namu laifin. Mun mayar da ƙwayar da mace za ta iya samu daga mijinta ɗaya tilo abin tuhuma, muka bar namiji babu mai tambayarsa. Ina fitowa na hangi wata yarinya da muke haɗuwa a layin likitan gaɓoɓi, wadda ke bayana a kan benci kuma ta ji duk abin da aka faɗa mini. Ta naɗe takardarta, ta cusa a jaka, ta fice ba ta jira an kira sunanta ba.