Kama da wane ba ta wane: rigimar satar waƙa da abin da ya kamata ya dame mu a Sudan

Duk saurayin da ya saki sabuwar waƙa yanzu a Gadarif ko Kasala ko Mai Wurno, da wuya ya kwana uku ba a kafa masa kotu a waya ba. Wani zai yanko daƙiƙa goma daga waƙarsa, ya liƙa su da daƙiƙa goma na wata tsohuwar waƙar Omdurman ko ta Kano, ya watsa a WhatsApp da TikTok, ya rubuta "ku ji ɓarawo" a sama. Nan da nan a rabu gida biyu, masu cewa sata ce ƙiri-ƙiri da masu cewa hassada ce kawai. A ganina dukansu sun bar jaki suna dukan taiki. Don waƙa ta yi kama da waƙa, wannan bai isa a kira mutum ɓarawo ba. Wanda ya cancanci sunan shi ne wanda ya san mai abu, ya ɓoye sunansa, ya cinye kuɗin shi kaɗai.

Su kansu ƙasashen da aka fi kai irin wannan ƙara gaban alƙali, har yau ba su tsaya a kan magana ɗaya ba. A 1976 wata kotu a Amurka ta samu George Harrison da laifin kwaikwayon karin "He's So Fine" a cikin "My Sweet Lord", duk da alƙalin ya yarda ba da gangan ya yi ba, karin ne ya zauna masa a kai. A 2015 masu taya alƙali yanke hukunci suka ce Robin Thicke da Pharrell Williams su biya iyalan Marvin Gaye dala miliyan 7.4 saboda kamannin waƙarsu "Blurred Lines" da "Got to Give It Up" ta Gaye, daga baya aka rage zuwa miliyan 5.3. Kalmomin waƙoƙin biyu ba ɗaya ba ne, abin da ya haɗa su galibi salon kiɗa ne da yanayinsa, shi ya sa mawaƙa da makaɗa sama da 200 suka sa hannu a takardar goyon bayan ɗaukaka ƙara. Katy Perry kuma aka ci ta kusan dala miliyan 2.8 a 2019 kan wani ɗan sauti mai bugu takwas, a 2020 alƙaliya ta soke hukuncin. Ed Sheeran ya shiga kotu a New York da jitarsa a 2023, ya kaɗa wa masu hukunci irin jerin sautin da ake tuhumarsa a kai don su ji yadda yake yawo a waƙoƙi barkatai, ya kuma yi nasara. Waɗannan shari'o'i ne da aka shafe shekaru ana yi, da lauyoyi da masana kiɗa a kowane ɓangare, amma aka fito da hukunce-hukuncen da ke karo da juna. To ina ga bidiyon daƙiƙa ashirin?

Mu nan lamarinmu ma ya fi nasu matsi. Kiɗan Turawa yana tafiya ne a kan matakan sauti bakwai. Waƙar tsakiyar Sudan, tun daga zamanin Haƙiba, tsohon salon waƙar Omdurman, a kan matakai biyar take, abin da makaɗan nan ke kira sullamul khumasi, kuma shi ne ya sa kunnen Bahabashe da na ɗan Chadi da na Bahaushe ke jin ta kamar ta gida. Ka ba mata goma busasshiyar kuɓewa da albasa da nama iri ɗaya, sannan ka ce kada miyar wata ta yi kama da ta wata, ai ka nemi rigima. Ƙari a kan haka, kusan duk makaɗan biki na'ura iri ɗaya suke amfani da ita. Mai org, wato piyanon lantarki, zai danna maɓalli, kiɗan tumtum ya tashi da kansa. Mawaƙi ya fara da Larabci, da ya hango gwaggonnin amarya sun miƙe sun gyara mayafi, sai ya juya baitin zuwa Hausa a kan karin nan dai, ya sako sunan ango da na kakansa, maza su zagaye shi suna ɗaga hannu suna kaɗa yatsu a saman kansa. Babu wanda ke wurin da bai san asalin karin ba, kuma babu wanda aka yaudara.

Aro ba baƙon abu ba ne a adabinmu. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu da watan Mauludi aikin mutum biyu ce, baitocin Alfazazi da tahamisin Ibn Mahib, kuma duk almajirin da ya karanta ta a gaban malami ya ji sunayen biyu. Ahmad Shauƙi na Masar ya bi sawun Burda ta Busiri, ma'auni ɗaya da amsa-amo ɗaya, ya kuma faɗi hakan tun daga sunan ƙasidar, Nahjul Burda. Aliyu Namangi ya ɗora Imfiraji a kan karin kiɗan caji, ya ɗauki abin da ake jin daɗinsa a dandali ya sa masa wa'azi. Ba a taɓa ce wa ɗayansu ɓarawo ba, saboda ba su ɓoye inda suka ɗebo ba. Masu cewa wai haƙƙin mallakar fasaha bidi'ar Turawa ce su ma su sassauta: Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi mai mazauni a Jidda ta yanke tun 1988 cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira abin kiyayewa ne a shari'a, ba ya halatta a keta shi.

Idan ana neman sata ta gaskiya, ba sai an saurari daƙiƙa goma ana lissafin kamanni ba. Solomon Linda ya naɗi "Mbube" a Afirka ta Kudu a 1939, aka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Karin ya haye teku ya koma "The Lion Sleeps Tonight", ya tara wa wasu dukiya, shi kuwa ya rasu a 1962 cikin talauci. Sai a 2006 aka yi sulhu da magadansa. Manu Dibango na Kamaru sai da ya tayar da ƙara kafin a sasanta da shi kan amshin "Soul Makossa" da ya bayyana a waƙar Michael Jackson. Ta kusa da mu ita ce ta Masar: sautin "Khosara Khosara" na Baligh Hamdi ya shiga "Big Pimpin'" ta Jay-Z, ɗan ɗan'uwan marigayi Hamdi ya kai ƙara a 2007 yana cewa an ɗora kalaman batsa a kan aikin ba da izinin iyali ba. A 2015 kotun Amurka ta kori ƙarar, domin an riga an sayar da haƙƙin kuɗin, shi kuma haƙƙin kare mutuncin aiki da dokar Masar ta tanada ba ya aiki a can. A duk waɗannan babu mai musun daga ina karin ya fito. Tambayar ita ce wa ke riƙe da takarda.

Wannan ne ya kamata ya hana mu barci. Sudan tana da wata kyakkyawar al'ada da gidan rediyon Omdurman ya raina tun bayan kafa shi a 1940: kafin a sa waƙa, mai gabatarwa zai faɗi wanda ya rubuta kalmomin, da wanda ya tsara karin, da wanda ya rera. Da haka sunan su Khalil Farah ya rayu. Da haka ma muka san A'isha Falatiya, 'yar Kasala mai asalin Hausa, wadda ta buɗe wa mata ƙofar rera waƙa a rediyon nan a farkon shekarun 1940, ta rasu a 1974. Amma akwai wata ƙofar baya da ake fita ta cikinta. Da mutum ya rubuta "daga turasi", wato gadon al'umma ne, shi ke nan ya wanke hannunsa. Waƙoƙin da wannan ya fi cinyewa su ne na mata: na gangar dalluka, na lalle, na kai amarya, na daka. Da yawansu ba su da wani tsufan da za a ce an manta mai su. Sau da yawa tsohuwar da ta ƙaga amshin tana nan da ranta a bayan layi, jikanta ne ma ya naɗa a waya ya tura wa abokinsa mai situdiyo.

Doka kam akwai ta. Sudan ta shiga yarjejeniyar Berne a 2000, wadda ta tanadi haƙƙin a danganta aiki ga mai shi, akwai kuma dokar haƙƙin mawallafi ta 2013. Sai dai tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, mutane suka watsu, wasu Fot Sudan, wasu Masar, wasu Saudiyya, wasu Chadi, wa zai bar neman abinci ya bi sawun amshin kakarsa a kotu? Alƙalin da ya rage yana aiki dare da rana shi ne na'urar YouTube mai suna Content ID. Ita ba ta san tarihi ba. Tana gwada duk bidiyon da aka ɗora da abin da masu rajista suka ba ta, in ta ji sun dace sai ta ba mai rajistar zaɓi, ya toshe bidiyon ko ya karɓi kuɗin tallarsa. Saboda haka yaron da ya riga kowa kai waƙar lallen unguwarsu ga kamfanin rarraba waƙoƙi yana iya wayar gari shi ne mai ita a idon duniya, har wata rana a toshe bidiyon bikin gidan da aka ƙage ta.

Shi ya sa nake ganin ƙarfin da muke ɓatawa wajen farautar kamanni gara mu juya shi. Mawaƙin da ya ari kari ya rubuta sunan mai shi a ƙarƙashin bidiyonsa, kamar yadda ake yi a rediyo, in mai shi na raye ya je ya gaishe shi, su yi magana kan kaso tun kuɗi bai shigo ba, a gaban shaidu. Masu situdiyo su daina karɓar "turasi" a matsayin amsa sai sun tambayi turasin wane gari, daga bakin wa aka ji. Masu wayoyin da suka iya yanka da liƙi kuwa, su zauna da iyayenmu mata su naɗi waƙoƙin, kowace ta faɗi sunanta da garinsu da wadda ta koya mata, a ajiye da kwanan wata. YouTube yana ba wanda aka yi wa da'awa damar ƙalubalanta, mai da'awar kuma yana da kwana 30 ya amsa. A wannan gaɓar ba a tambayar wa ya fi yawan mabiya a TikTok, ana neman wanda zai nuna cewa waƙar ta riga rajistar.