Jiang Qing da majalisarsa mai zauruka uku

Duk wanda ya ɗauka cewa ƙuri'a kaɗai ke halatta mulki, yana da kyau ya saurari hujjar Jiang Qing, masanin shari'a ɗan ƙasar Sin, ko da a ƙarshe zai watsar da ita. Ba matar Mao Zedong, tsohon shugaban Sin, nake nufi ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

An haife shi a Guiyang a 1953, ya shiga jami'ar shari'a da siyasa ta Chongqing a 1978, ya koyar a can, daga baya ya koma Shenzhen. Ya fara da aƙidar Markisanci, ya leƙa addinin Buddha da Kiristanci, sannan ya tsaya ga koyarwar Konfushiyas, malamin falsafar Sin na zamanin da. A 2001 ya ajiye aiki ya tare a makarantar da ya gina a tsaunukan Guizhou, kusa da inda aka taɓa kai Wang Yangming, wani tsohon malamin koyarwar Konfushiyas, zaman hijira.

A ganinsa, mulki ba ya halatta sai ya dace da gaskiyar da ta fi ƙarfin son ran mutum, wadda yake kira sama, ya dace da tarihi da al'adun ƙasa, kuma jama'a sun yarda da shi. Laifin dimokuraɗiyya, in ji shi, shi ne ta ɗauki na ukun ta mayar da shi komai. A nan ina tare da shi, domin ɗan majalisar da ke neman tazarce ba ya tsoron jikokin da ba a haifa ba, tunda ba su da ƙuri'a, shi ya sa dokar kare muhalli ke shan wuya duk lokacin da ta taɓa aljihun masu zaɓe.

Maganinsa ne ban gamsu da shi ba. Ya ba da shawarar majalisa mai zauruka uku: na wakilan da aka zaɓa, na malaman da aka jarraba a kan tsofaffin littattafai, da na zuriyar manyan magabata da wakilan addinai, wanda wani daga zuriyar Konfushiyas zai shugabanta. Doka ba ta wucewa sai zauruka biyu sun amince, kuma malamai na da ikon hawa kujerar na-ƙi.

Batun gado ba ya buƙatar dogon bayani, don ba a gadon hikima ta jini. Zauren malamai ne ya fi damuna. Sin ta daɗe tana tace ma'aikatanta da irin wannan jarrabawa har zuwa 1905, kuma fadar sarki ce ke tsara tambayoyin, ita ke yanke amsar da ta yi daidai. A yau kuwa hukumar da ke da ƙarfin shirya jarrabawar da tantance wanda ya cancanci a kira shi malami ita ce Jam'iyyar Kwaminis, wato wadda ake son zauren ya taka wa birki.