A daina yi wa hantar wanda zuciyarsa ta tsaya kallon kwantai

Jama'a, har yau akwai masu ba marar lafiya shawara cewa idan asibiti a Ingila ko Amurka ya kira shi an samu hantar da za a dasa masa, amma ta wanda zuciyarsa ta tsaya ce, to ya ƙi karɓa, ya jira "mai kyau". Da shekara 15 baya ne, da na ce suna da hujja. Yau kam ina ganin wannan shawara tana iya kai mutum kabari.

Ga inda tsoron ya samo asali. Tun da wani kwamitin jami'ar Harvard ya fitar da ƙa'idar mutuwar ƙwaƙwalwa a 1968, yawancin hantar da ake dasawa daga irin waɗannan mamatan take fitowa: ƙwaƙwalwa ta mutu, amma na'ura tana hura numfashi, zuciya na bugawa, jini na kaiwa hanta har lokacin da za a cire ta. Ɗaya hanyar kuwa, mutum ne ya kai inda likitoci da dangi suka yarda magani ya ƙare. Sai a cire na'ura, a jira zuciya ta tsaya da kanta, a ƙara jiran wasu mintoci ba a taɓa gawar ba. A Ingila minti 5 ne, a Italiya minti 20. Duk tsawon wannan lokaci hantar tana cikin jiki mai ɗumi, ba jini, ba iska.

Naman hantar yana iya jurewa ya farfaɗo. Masu rauni su ne siraran hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikinta. Sai a yi dashe lafiya, a sallami mutum, dangi su yi ta barka. Bayan 'yan watanni ido ya yi ɗorawa, ƙaiƙayi ya hana barci, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana komawa, domin hanyoyin sun tsuke a wurare da yawa. Wasu sai an sake musu dashe na biyu. Shi ya sa likitocin tiyata suka daɗe suna mayar da irin wannan hanta, kuma ban ga laifinsu ba.

Abin da ya sauya shi ne an daina dogaro da akwatin ƙanƙara kaɗai. A 2021 likitocin Groningen na ƙasar Holan, da abokan aikinsu, suka fitar da sakamakon gwaji: hantar da aka ɗora a na'ura mai zagaya mata ruwan sanyi haɗe da iskar oksijin kafin dashe, kashi 6 cikin ɗari na waɗanda aka dasa wa ne suka samu wannan tsukewar, waɗanda aka ajiye tasu a ƙanƙara zalla kuwa kashi 18. A Oxford an ƙera na'urar OrganOx wadda ke riƙe hanta a ɗumin jiki da jini na zagayawa, har likita ya ga tana fitar da ruwan matsarmama kafin ya yanke shawarar dasa ta. Wannan ya fi burge ni, don a da duba launi da taɓawa da yatsa ne gwajin. Sifaniya ta bi wata hanyar: bayan an tabbatar da mutuwa, sai a mayar da zagayawar jini cikin ciki kawai da na'ura na kamar awa biyu, a toshe babbar jijiya don kada ya hau ƙwaƙwalwa. A can yanzu kusan rabin mamatan da ake ɗaukar gaɓoɓinsu waɗanda zuciyarsu ta tsaya ne.

To wanda ke cewa a jira, me ake jira? Mai ciwon hanta da ciki ya tara ruwa, yana aman jini, ba shi da na'urar wanki irin ta masu ciwon ƙoda. Hantar da ya ƙi ba da wata mafi kyau ake kwatanta ta ba, da yiwuwar ya rasu a layi ne. Abin tambayar likita shi ne shekarun mamacin, minti nawa hantar ta yi ba jini, kuma an ɗora ta a na'ura ko kuwa.

Inda ban sakankance ba shi ne gaggawa. Kowane minti asara ne ga hanta, kuma duk inda aka ce sauri na da riba, sai a sa ido. Likitan da ya ce a cire na'ura kada ya zama yana da hannu a dashen. Kada kuma a rage mintocin jira don a samu hanta mai kyau. Jamus har yanzu ba ta yarda da ɗaukar gaɓar wanda zuciyarsa ta tsaya ba, a Amurka kuma ƙungiyar likitocin cikin jiki ta yi ƙorafi a 2021 kan salon da ake sake tayar da zuciyar a ƙirjin mamacin. Wannan ƙorafin ni ma ina tare da shi.

Mu a nan, inda ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, mai hali Indiya ko Masar yake zuwa da ɗansa ko ƙaninsa a yanki wani sashe na hantarsa. Lafiyayyen mutum ake kwantarwa a yanka. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci tun 1988 a Jidda, da sharaɗin izininsa ko na magadansa, amma ko a wa'azi da wuya ka ji an taɓo maganar.